Layin da Labo Ya Soke

Shekara goma sha huɗu na yi ina tsine wa mutumin da bai yi mini komai ba, kuma Labo ne ya ja mini. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ɗauka yabon Dakta Labo na zo yi. Masu yabonsa sun ishe shi ko ba ni.

Labo taubashina ne. Babana Alhaji Sule da uwar Labo ciki ɗaya suka fito, ni 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka bawana ne ko da zai zama shugaban jami'a. Tare muka tashi a wani ƙauye da ke gefen Gozaki, a ƙasar Kafur. Tun yana yaro bakinsa ba ya hutawa. In aka aike shi sayen gishiri, sai ya dawo da labarin wanda akuyarsa ta ɓata da wanda ya yi faɗa da surukinsa, gishirin kuwa ya baro shi a teburin mai shago. Na sha gaya masa cewa in Allah ya raya shi, ko maroƙi ko ɗan tsegumi. Da ya zama ɗan jarida na ce to, ban kauce da yawa ba.

Shekara goma sha biyu ya yi a gidan rediyo yana gabatar da shirin manoma, kowace Alhamis bayan la'asar. Ba a ofis yake haɗa shi ba. Babur yake hawa da 'yar rikoda a aljihu, yau kasuwar Funtuwa, gobe Bakori, jibi Malumfashi, ya tsuguna gaban mai awo, ya shiga gona laka har gwiwa. Wata shekara ya gano ana cuɗa takin zamani da yashi, ya koya wa mutane su zuba ɗan kaɗan a bokitin ruwa su ga abin da zai kwanta a ƙasa. Aka gwada, aka ga yashi. Daga nan shi ke nan. In Labo ya ce a dakata da shuka, ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sai a dakata. Ranar Alhamis Baba ba ya amsa sallamar kowa sai shirin ya ƙare, in yaro ya yi kuka a fitar da shi zaure.

Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi, inda nake aure. Wata rana sai ga Labo a ƙofar gidana cikin farar mota, da kwat, da ƙamshin turare. Na riƙe baki. Ya ce ya bar rediyo, wani kamfanin iri a Funtuwa ya ɗauke shi jami'in hulɗa da jama'a.

Na ce, "Mene ne aikin?"

Ya ce shi zai riƙa magana da yawun kamfani, ya rubuta sanarwa, ya tara 'yan jarida in da taro.

Na ce, "Wato maroƙin dai da na faɗa, sai dai kai an haɗa maka da mota."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Da na san abin da ke tafe, da ban yi ba.

Abin da kamfanin ya yi shi ne ya sayi filin nan na Alhamis bayan la'asar. Lokaci ɗaya, busar sarewar buɗe shiri ɗaya, murya ɗaya. A farkon shirin wata mata takan faɗa da sauri cewa kamfani kaza ne ya ɗauki nauyi, amma a lokacin mutane suna ta jan eriya suna gyara tabarma. Ba wanda ya gane cewa labari ya koma talla. Su dai Labo suke ji, kuma Labo ya ce akwai sabon irin masara mai aure, wanda masana suka haɗa, kara ɗaya goyo biyu.

Mu a wajenmu ba a saba sayen iri ba. In an yi girbi, maigida da kansa yake zama ya tsince goyon da ya fi cika, ya ɗaure su bibbiyu da ɓawonsu, a rataye a madafi inda hayaƙi zai hana ƙwari. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa su. Baba yana da wata jar masara da ya gada a wurin mahaifinsa. Ba ta cika rumbu har baki, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Wanda yake sayar da sabon irin a kasuwar Malumfashi shi ne Maitama, wani dogon mutum marar hayaniya, mai shagon kayan noma. Abokin Baba ne na shekara ashirin. A ƙofar shagonsa Baba yake jingine keke duk ranar kasuwa, tare suke sallar azahar, kwano ɗaya suke ci. A wurinsa kusan duk ƙauyenmu suka saya.

Shekarar farko, masha Allah. Goyo kamar damtsen ƙato, mutane suna zuwa kallo daga wasu ƙauyuka. Da aka gama girbi Baba ya zauna kamar yadda ya saba, ya tsince mafi kyau a cikin sabuwar masarar, ya ɗaure, ya rataye. Sannan ya ɗaga kai ya dubi jar masarar da hayaƙi ya rine, ya ce a sauke ta a kai inji, ta gama aikinta. Ina gidan ranar. Da bakina na ci tuwon, har na yi santi. Haka aka yi a kusan kowane gida.

Shekara ta biyu aka shuka abin da aka rataya. Ruwa ya yi kyau, an sa taki, an yi noma a kan lokaci. Amma gonar ta fito bambarakwai, wani kara ya wuce mutum, na kusa da shi ko ƙugu bai kai ba. Da aka ɓare goyo, ƙwaya nan da can kamar bakin tsohuwa, sauran duk totuwa. Na ga Baba tsaye a tsakiyar gonarsa yana ɓare wannan ya yar, ya ɓare wancan ya yar. Ban taɓa ganin ya tsorata ba sai ranar. Kafin damina ta zagayo sai da ya sayar da shanun huɗarsa biyu aka ci.

To laifin wa? A hankalin mutanenmu, iri mai kyau mai kyau yake haifa, haka aka sani tun kaka da kakanni. In ya lalace, to an yi masa algus. Labo ya ce irin yana da kyau, Labo kuwa ba ya ƙarya. Saura wa? Sai aka tuna irin ya zo da wani jan launi a jikinsa, nan take magana ta tashi cewa Maitama ne yake rina masarar kasuwa ya cuɗa da ta kamfani. Ba wanda ya tsaya ya tambayi yadda jabun iri zai cika rumbu a shekarar farko. Mai jin yunwa ba ya dogon tunani.

Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya a kusa. Ranar kasuwa na cika kwano da wannan totuwar mai giɓi, na ratsa cikin maza, na juye a ƙafar Maitama. Na kira shi azzalumi, maci amana, na ce Allah ya isa tsakaninmu da shi. Ya ce, "Malama Rakiya, wallahi yadda aka kawo mini a ɗinke haka na sayar." Na ce ya rufe mini baki. Daga ranar sunansa ya koma Maitama Mai Rini, kuma ina jin ni na fara faɗa. Shago ya mutu a tsaye, ko lauje ba a saye a wurinsa. Ya koma gyaran famfon feshi a gindin wata bishiyar darbejiya a bakin tasha. Baba ya canza wurin ajiye keke, kuma har ya koma ga Allah bayan shekara shida bai sake amsa gaisuwar Maitama ba.

Labo fa? Labo ya zo da buhunan masara a bayan mota ya raba wa dangi, ana ta sa masa albarka, shi kuwa kansa a ƙasa. Na ɗauka kunya ce irin ta mai kyauta. Bayan 'yan watanni muka ji ya ajiye aikin, ya mayar da mota, ya koma makaranta. Na sake riƙe baki. Mutum da mata da 'ya'ya huɗu, ya bar ofis mai sanyi ya koma zama a benci da sa'o'in ƙannensa? Na ce masa an yi masa asiri ne, ya zo in kai shi a karya. Bai rama ba, shi da ba ya barin ta kwana.

Ya yi digiri na biyu, wata jami'a ta ɗauke shi koyar da aikin jarida da hulɗa da jama'a. Yaran yankinmu da suka bi ta hannunsa sukan ba ni labari. Sun ce ya iya koyarwa, in yana bayanin yadda ake hira da mutum har ba a so a tashi, don ba daga littafi yake karantowa ba, abin da ya yi da ƙafarsa yake faɗa. Amma yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. In ka kai masa labari, ba ya fara duba abin da ka rubuta. Sai ya kife takardar ya ce, "Me ka cire?" In ka ce ba komai, ya ce koma ka tuno. Na yi ta dariya, na ce bawana ya zama alƙali. A hankali ya gama digiri na uku, ya zama Dakta, ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu ta sa ranar walima don a karrama shi.

Saura mako biyu walimar, ran wata Asabar bayan azahar, ina tsince shinkafa a tsakar gida sai ga shi. Na ce, "A'a, bawa, ka zo sharar gidan uwargijiyarka ne?" Bai yi murmushi ba. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Rakiya, ajiye farantin nan."

Ya ce akwai wata ɗaliba a ajin ƙarshe da yake duba kundinta na kammala karatu, a kan yadda manoma suke samun labari ta rediyo. Yarinya mai ƙoƙari, sunanta Adawiyya. Ta zaga ƙauyukan Kafur da Malumfashi ta yi hira da manoma arba'in. Da ta tambaye su game da shekarar da masara ta lalace, bakinsu ya zo ɗaya: Labo ya faɗi gaskiya, Mai Rini ne ya cuce su. Haka ta rubuta, ba ta rage ko harafi ba. Ya kife takardar kamar kullum ya ce, "Me kika cire?"

Ta ce, "Abu ɗaya ne, Malam. Ban rubuta cewa Mai Rinin mahaifina ba ne. Ka ce mana ra'ayin ɗan jarida ba ya shiga labari."

Yana kaiwa nan ya zaro wata tsohuwar takarda daga aljihu, ta yi ja, ta karye a ninki. Rubutun shirin Alhamis ne na waccan shekarar, wanda masanin gona na kamfani ya tsara masa. Ya nuna mini wani layi a ƙasa da aka ja wa biro sau biyu. Ana iya karantawa har yanzu: "Wannan iri na damina ɗaya ne. Kada a cire iri daga abin da aka girbe, kowace shekara a nemi sabo."

Na karanta sau uku. Na ce, "Wa ya soke?"

Ya ce, "Ni."

"Tilasta maka aka yi?"

"A'a. Manaja ya karanta ya ɓata fuska kawai, ya ce in mutanenmu suka ji iri ne na saye duk shekara ba mai taɓawa. Ni na san gaskiya ya faɗa, don na fi shi sanin mutanenmu. Na ce a raina zan faɗa musu bayan girbi, in sun ga amfaninsa. Bayan girbi ana ta yabona, na ce sai mako mai zuwa. Har aka shuka."

Na miƙe zumbur na ture farantin, shinkafar ta zube kaji suka taru a kai. Na ce, "Kana nan aka sauke jar masarar Baba? Kana nan na je na tozarta bawan Allah a tsakiyar kasuwa? Shekara goma sha huɗu, Labo, kana cin tuwo a gidan nan?" Na zage shi zagin da ba na taubasantaka ba, na ce ya tashi ya bar mini gida. Ya tashi. A bakin ƙofa ya ce zai faɗa a gaban kowa ranar walima, kuma ya aika wa Maitama ya zo.

Ranar an kafa rumfuna a filin firamaren ƙauye, an yanka sa, lasifika tana ta kuwwa. Maitama ya zo da Adawiyya, ya zauna a kujerar ƙarshe, na kusa da shi suka ɗan ja kujerunsu. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, kowa yana tuno yadda Labo ya ceci manoma daga takin yashi. Sannan aka miƙa masa lasifika.

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Jama'a, ni na cuce ku. Irin nan da kuka shuka ba a maimaita shi, haka aka haɗa shi, damina ɗaya yake yi. An rubuta mini in gaya muku, na sa biro na soke don kada ku ƙi saye. Maitama bai rina komai ba, jan da kuka gani maganin ƙwari ne daga kamfani. Ga takardar nan. Ku yafe mini, ko kada ku yafe, amma ku mayar wa Maitama sunansa."

Na ce a raina yau za a yi ta.

Sai Alhaji Awaisu, shugaban ƙungiya, dattijo mai furfura, ya miƙe ya karɓi lasifika yana share hawaye. Ya ce, "Kun ji ko? Kun ji ɗan halak? Yo mu yara ne, Dakta? Mun san ɗiyar Maitama a hannunka take karatu, so kake ka wanke yarinya ta shiga mutane. Mutum ya ɗauki laifin wani ya aza ma kansa a ranar farin cikinsa! Allah shi yi maka albarka."

Aka ɗauki kabbara. Labo ya ɗaga takardar yana cewa, "Alhaji, ku duba, ku ba wani ya karanta!" Alhaji Awaisu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Aje takardarka, mu ba yau muka san ka ba. To jama'a, albarkacin Dakta, mun yafe ma Maitama duniya da lahira."

Wallahi ban san lokacin da na miƙe daga cikin mata ba. Na ɗaga murya na ce, "Ku ji tsoron Allah! Gaskiya yake faɗa muku, maƙaryaci ne! Shi ya cuce mu, na ga takardar da idona!"

Filin ya fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ja zanena tana cewa, "Kai taubasai! Rakiya, ko yau ba ki ɗaga ma bawanki ƙafa?" Ina rantsuwa suna tafi, ina kuka suna cewa na iya wasa. Na juya na dubi Labo, bakinsa a buɗe, takarda a hannu, ana yafa masa babbar riga. A can baya na hango Maitama ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa, ya bi hanyar tasha, 'yarsa tana biye da shi.

Labo bai haƙura ba, wannan kam na shaide shi. Ya zauna Adawiyya ta yi hira da shi, ya zama mutum na arba'in da ɗaya a kundinta, ya sa hannu a ƙasa. Kundin yana can a ɗakin karatu na jami'a, inda ba manomin da zai taɓa buɗe shi. Duk hutu yakan zo ƙauye ya bi gida gida yana maimaita maganar. A dama masa fura, a saurare shi har ƙarshe, a ce, "Dakta ke nan, kirkinka ya yi yawa." Mutum biyu ko uku sun fara yin shiru in ya gama, ban sani ba ko sun yarda. Ni dai har yau ban sake kiransa bawa ba, Labo nake ce masa, kuma ya san abin da hakan yake nufi.

Kwana biyu bayan walimar na ɗauki mayafi na nufi bakin tasha. Na tarar da Maitama a gindin darbejiya, ya kwance wani famfon feshi yana hura bututunsa. Ya tsufa ƙwarai, ban lura ba sai ranar, don shekara goma sha huɗu in na hango shi kau da kai nake yi. Na durƙusa a ƙasa a gaban 'yan Keke Napep da masu jiran mota, na ce, "Baba Maitama, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Tashi, Malama, ƙasa da zafi. Ke na yafe maki tun ranar, yunwar gidanku ce ta yi magana. Dakta ma ya zo jiya, na ce ya je, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Mutanen gari kau su riƙe yafiyarsu, ban roƙe su ba."

Na ce to me zan yi masa, ko mene ne.

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ba abin da za ki iya. Ranar da aka yi jana'izar babanki Alhaji Sule na je. A sahun ƙarshe na tsaya, na rufe fuska da rawani kada 'yan'uwanki su gan ni su kore ni, ana sallamewa na gudu. Shi nake so ya ji, Malama. Shi kau wa zai gaya mashi?"

Ya sunkuya ya ci gaba da hura bututunsa. Na daɗe a durƙushe a gabansa.